Hon a Gaban Giwaye

Hannun Direba ya riga hankalinsa. Giwar farko ta sako kai ke nan daga cikin bishiyoyi za ta tsallaka hanya, sai ya danna hon, dogo, irin wanda yake yi wa masu baro a bakin kasuwa. Giwar ta baza kunnuwa, ta juya, sauran suka bi ta. Kafin ƙiftawar ido babu komai sai rassa suna kaɗawa.

Jagoran gandun dajin, wanda ke zaune a gefensa, ya dafe goshi. Tun a ƙofar shiga ya roƙe su da a yi shiru.

"Malam, nan tasha ce?" wani ya ɗaga murya daga motar bayansu. "Tun safe muke jira!"

"Baban yara, fasinja za ka ɗauka a cikinsu?" in ji matar Direba daga kujerar baya.

Direba ya ɗaga ido. Ta madubi ya saci kallon mahaifiyarsa. Saboda ita aka zo. Idanunta suna ta dushewa, ita kuwa ta ce tana so ta ga giwa kafin su rufe. Har yanzu fuskarta na manne da gilashi.

"Ina take? Ban kai ga gani ba."

"Sun koma, Inna," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Yau kam ba za su sake biyo nan ba," in ji jagora.

Inna ta janye fuskarta daga gilashi, ta gyara zama. Direba ya ji da ma zaginsa ta yi. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya laluba, ya cire wayar hon ɗin.

A hanyar fita, wani ƙaton kunkuru ya shigo tsakiyar hanya. Direba ya taka birki. Tafin hannunsa ya sake faɗawa kan hon, amma ba abin da ya yi ƙara. Ya janye hannun, ya cusa a ƙarƙashin cinyarsa.

"Me ya tsayar da mu?" Inna ta tambaya.

"Kunkuru ne."

"Matsa da ni kusa."

Ya gangara a hankali har tagarta ta zo daidai, ya kashe mota. Ta sauke gilashi, ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Wannan dai na gan shi," ta ce. "Bar shi ya gama tsallakawa, ba sauri muke yi ba."