An Ware wa Tsuyako Kwano

Tsuyako ba ta tsoma tsiren da ta gatsa ba. A fara sanin wannan tukuna, kuma duk wanda ya ce ta tsoma, sharri ya yi mata, ko da kuwa shi ne mai shagon.

Ta haura saba'in. Ƙarfinta duk a kasuwar kifi ta Osaka ya ƙare, tana yanka tana wankewa, kuma tun tana budurwa take cin soyayyen tsire a shagon Shigematsu, tun uban na riƙe da kaskon, kafin ɗansa Kunihiro ya gada. Wa zai koya mata doka? Kwanon miya ɗaya ne a kan kanta, na kowa da kowa, ana tura shi daga wannan zuwa wancan. Ka tsoma tsirenka kafin ka kai baki. Ka gatsa, kai da kwanon kun rabu ke nan. In miyar ba ta ishe ka ba, ga ganyen kabeji, ka ɗebo da shi.

To a makon jiya miyar ta yi ƙasa a kwanon, jatan landen da aka soya mata kuma ƙato ne. Ta tsoma gefe ɗaya, ta juya shi ta tsoma ɗayan, bakinta ko kusa da shi bai je ba. Sai Kunihiro ya ɗaga murya daga bakin kasko: "Inna, sau biyu ke nan! Ba a yin haka a nan!" A gaban baƙi, a gaban yara 'yan ofis waɗanda ta girmi iyayensu. Ta ajiye tsiren ta fita.

Kafin gari ya waye labari ya zaga unguwa. Ta shiga shagon taliya na bakin tasha, mai shagon ya dire mata kwano yana washe baki, wai "Inna, a nan ki tsoma sau goma ma, romonki ne." Ta leƙa mashayar da ake gasa kaza, matar wurin ta janye gishiri daga gabanta, wai wasa take yi. Har a gidan wanka na unguwa mata suna ƙus-ƙus. Mace mai cin abinci da ladabi, wadda ta san ƙofar kowane shago a layin nan, a mai da ita ƙazama?

Shi ya sa yau tun la'asar ta ɗaure gashi, ta ja ƙawarta Fusae, wadda suka yi zaman kasuwa tare, suka nufi layin masu abinci.

"Yaya, ki rage sauri, gwiwata!" in ji Fusae.

"Gwiwarki ta jira. Yau sai yaron nan ya haɗiye maganarsa."

"Wane yaro? Mutumin da ya doshi hamsin?"

"Ni na san shi yana yawo ba wando a bayan kantan nan."

Layin ya fara cika. An kunna jajayen fitilun takarda, hayaƙin gasasshiyar kaza ya tokare hanya, can ana juya taliya a faffaɗan ƙarfe tana cau-cau. Fusae ta tsaya tana haɗiyar yawu gaban wani mai gasa kifi, Tsuyako ta fizgo hannunta. Ita ma cikinta kuka yake yi. Rabonta da soyayyen tsire tun ranar da abin ya faru, har mafarkinsa take yi: ɓawon garin burodin nan mai ƙaras-ƙaras, naman sa mai taushi a ciki, da baƙar miyar nan mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi. Amma ta rantse ba za ta ci na kowa ba sai an wanke ta.

Ta ɗaga labulen ƙofa. Ƙamshin mai ya doke ta, sai da ta lumshe ido. Shagon ɗan ƙuƙut ne, kujerun duk a jere gaban kanta. Matsunaga direban tasi, wanda shi ma ya daɗe yana ci a shagon, yana zaune da kofin giyarsa bayan ya tashi aiki. Ga mai sayar da furanni ta kan kwana, ga wasu samari 'yan ofis sun sassauta wuyan riga.

"A'a, ga uwar gida ta dawo!" in ji Matsunaga. "Ku ɓoye miyarku!"

"Rufe mini baki, mai tuƙin kunkuru. Matsa."

Kunihiro ya ce sannu da zuwa, idonsa a kan kasko. Ya miƙo musu shayi mai sanyi da kabeji. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya fito da wani ɗan kwanon tangaran mai zanen furanni, sabo fil, ya cika shi da miya, ya ajiye gaban Tsuyako da hannu biyu.

"Mene ne wannan?"

"Naki ne, Inna. Ke kaɗai. Musamman na sayo. Ki tsoma yadda ranki yake so, ba mai magana."

Shi a ganinsa ya yi karamci, har yana ɗan murmushi. Ka ji wauta! Da ya zage ta da ya fi sauƙi. Ya tabbatar wa duniya ke nan cewa ba a yarda da bakinta ba, an cire ta daga kwanon da take tsomawa tun kafin a haife shi.

"Ciwon baki gare ni, Kunihiro?"

"Haba Inna, ba haka..."

"To mage ce ni, da za a ajiye mini tasa a gefe? Na ce maka haƙorina ya taɓa jatan landen nan? Ka gani da idonka?"

"Na ga hannunki ya sauka sau biyu. Doka ta ce sau ɗaya."

"Dokar don me aka yi ta? Don hannu ko don yawu?"

"Don yawu mana," in ji mai furanni.

"Amma Inna, ai da kabeji za ki ɗebo," in ji ɗaya daga samarin, da muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kabeji na wanda ya gatsa ne, ɗan nan. Ci abincinka, ana maganar manya." Ta juya ga Kunihiro. "Miyarka ce ta ƙare a gindin kwano saboda rowa. Ubanka har baki yake cikawa."

Kunnuwan Kunihiro suka yi ja, amma ya dage. "In na bar miki, gobe kowa ya ce shi ma bai gatsa ba. Ga kwanonki nan."

"To soyo mini. Jatan lande, naman sa, ƙwan salwa, albasa, kabewa. Duka."

Mai ya yi cuuu. Tsinkaye suka fito jajur suna tururi, aka jera mata. Tsuyako ta ture ɗan kwanon da bayan hannu, ta ɗauki naman sa ta gatsa haka nan, gaya, babu miya. Fusae ta dafe ƙirji.

"Yaya, a bushe? Wannan ai zalunci ne ga naman!"

"A bushe zan ci. Yau, gobe, jibi, a kujerar nan, har sai an wanke ni."

Ta ci gaba da tauna, ƙaras, ƙaras, idonta ƙyam a kan mai shagon. Kuma abin haushi, ko a bushen daɗi ne da shi, sai da ta danne kanta kada fuskarta ta nuna.

Matsunaga ya dubi tsirensa, ya dubi babban kwanon da ke gabansa. Sai ya miƙa hannu ya tsallake shi, ya tsoma a ɗan kwanon furanni.

"Kai, wannan na Inna ne!" in ji Kunihiro.

"Na sani. Ni inda aka ajiye wa Inna nan nake ci. Kai, har ya fi daɗi!"

Fusae ta tsoma albasarta. Mai furanni ta taso da ƙwan salwa. Samarin suka kalli juna, suka kwashe da dariya, suka bi layi. Nan da nan ɗan kwanon ya ƙafe.

"Ƙaro miya a nan, maigida!"

Ya ƙara. Ta ƙare. Ya sake ƙarawa. Wasu sababbin baƙi suka shigo, suka ga inda kowa yake tsomawa, su ma suka miƙo hannu. Aka yi ta gwama kafaɗa, miya na ɗiga a kan kanta, Matsunaga na ihun a yi layi kamar a tasha. Babban kwanon yana can gefe ba mai kallonsa. Kunihiro na gudu tsakanin kasko da tulun miya, har wata kabewa ta ƙone, hayaƙi ya tashi. Tsuyako kuwa tana tsakiya tana cin nata a bushe.

Daga ƙarshe ya ajiye abin tsamo suya. Ya cire ɗaurin kansa, ya share zufa, ya rusuna.

"Inna, ki yi haƙuri."

"Ban ji ba. Ranar nan har mai taliya na bakin tasha ya ji ka."

Ya cika ƙirji, ya kwarara murya irin ta kiran abinci: "Inna Tsuyako ba ta gatsa ba! Miyata ce ta yi ƙasa! Ni na yi kuskure!"

Shagon ya kaure da tafi, Matsunaga na buga kanta, har masu wucewa suna ɗaga labule. Kunihiro ya ɗauke ɗan kwanon, ya tuttula miya a babban har baki, ya turo shi gabanta. Ya soyo sabon jatan lande, wanda ya fi kowanne girma, ya miƙa mata.

Ta nutsa shi gaba ɗaya har wutsiya, ta ɗaga, miya na zarara, ta gatsa. Zafi, tsami, zaƙi, ƙaras. Tana tauna, kowa na jiran abin da za ta ce.

"Ƙaro biyu," ta ce. "Kai kuma Matsunaga, in mun gama ka raka ni wurin mai gasa kaza. Ita ma akwai maganar da za ta ji."