Damin da Baba Tokuji Ya Ɗaga

"Ƙara ɗagawa mana, Baba! Ko hannun ya mutu ne tun ba a fara ba?"

Noboru ne ke wannan ihun, yana tsaye a inuwar babbar taraktarsa da kwalbar shayin sha'ir a hannu. Surukinsa Tokuji, ɗan shekara saba'in da tara, yana kan wata ƙaramar jar tarakta da ya saya tun kafin a haifi 'yarsa Sumie, matar Noboru. Ya riga ya cusa ƙarafan ɗaukar kaya na gabanta ƙarƙashin damin ciyawa, irin wanda inji ke naɗewa kamar ganga, wanda ya kai kilo ɗari huɗu. Taraktar sai gurnani take yi, tayoyinta na baya suna ɗagawa daga ƙasa suna komawa.

Shozo, maƙwabcinsu na gabas, aron igiya ya zo, sai ya tarar da abin kallo. Ya jingina da shinge ya gyara hularsa.

Ya san mafarin zancen, don a wannan yankin manoma da ake kira Tokachi ba wanda bai sani ba. Shekara biyar ke nan Noboru na son a mayar da gonar da sunansa, tsohon kuwa ya kafe, wai muddin yana iya ɗora dami a tirela to bai tsufa ba. Yau wajen cin abincin rana Noboru ya ce masa, "To ga fili ga tirela. Ɗora guda ɗaya a hawa na biyu, in na sake tada maganar ka kore ni."

Akwai kuma abin da Shozo kaɗai ya sani. A bara Noboru ya yi masa alkawarin cewa ranar da gona ta dawo hannunsa, zai sayar masa da fadamar bakin rafi, wadda Shozo ya shekara ashirin yana kallo ta saman shinge.

Damin ya tashi har ya wuce kan tsohon. Shozo ya shekara arba'in yana wannan aiki, kallo ɗaya ya yi ya gane. Ba a rataya nauyi a bayan taraktar ba, ƙarafan ba su da tokari, ba ta kuma da rumfar ƙarfe a sama. Ƙarafan ma sun soma karkata baya. Kalma ɗaya ta isa, ya ce masa ya sauke. Tokuji ba ya jin maganar Noboru, amma yana jin tasa.

Ya buɗe baki.

"Saura ƙiris, Baba Tokuji!" in ji shi. "Nuna wa yaron nan!"

Tsohon ya waiwayo ya yi masa murmushi da haƙoransa uku, ya ƙara jan sandar da ke ɗaga ƙarafan. Damin ya yi ɗan rawa, ya mirgino a hankali ta kan hannuwan ƙarfen, ya sauka a kan sitiyari da mutumin da ke bayansa. Ba wata babbar ƙara da aka ji. Daga nan ya gangara ƙasa ya mirgina har bakin kwata, ya tsaya. Injin bai ko mutu ba.

Sumie ta fito daga garken shanu da gudu, takalmin roba ɗaya ya cire mata a hanya. "Baba! Baba!" Ta kai hannu za ta ɗago shi, Shozo ya riƙe ta. "Kada ki taɓa wuyansa." Wannan karon muryarsa ta fita da ƙarfi.

Da motar asibiti ta tafi da tsohon da 'yarsa, Noboru ya daɗe yana goge hannu a wando. Sannan ya ɗaga kai ya dubi yamma.

"Hadari na haɗowa," in ji shi. "Saura dami sittin a fili. Kawu Shozo, ko za ka kawo taka taraktar?"

Shozo ya je ya kawo. Sun gama kwashewa kafin ruwa ya sauko.

Kwana biyu Tokuji ya yi a asibitin gari, ba abin da ke motsi a jikinsa daga wuya zuwa ƙasa. A rana ta biyu matar Shozo ta ƙunsa masa kankana ta ce ai kunya ce a ce bai leƙa ba. Ya tarar da Sumie zaune tana jiƙa wa mahaifinta leɓe da auduga. Ta tashi ta ba shi kujera, ta fita ɗebo ruwa.

"Sannu, Baba Tokuji. Da sauƙi dai?"

Idon tsohon ya juyo, kan bai juyo ba. Sai da Shozo ya sunkuya sosai sannan ya ji abin da yake faɗa.

"Ya kai... hawa na biyun?"

"Ya kusa, Baba."

"Noboru jaki ne. Bai san komai ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Amma kai ni na koya maka tuƙi."

Bai ɗauke idonsa daga kan Shozo ba. Shozo ya dubi kankanar, ya dubi taga, ya dubi takalmansa. Da Sumie ta dawo Shozo ya ce ya bar famfo a buɗe a gida. Washegari da hantsi Tokuji ya cika.

Ranar jana'iza, bayan an ƙona gawar bisa al'adarsu an tsince ƙasusuwan cikin tulu, aka zauna cin abinci a zauren taron ƙauye. Giyar shinkafa ta zagaya, baki ya buɗe. Wani ya ce taurin kai ne ya kashe shi, wani ya ce dama tun bara yake mantuwa, wata tsohuwa ta tambayi ko za a sayar da jar taraktar, don jikanta na nema. Noboru ya zo ya tsugunna kusa da Shozo, ya cika masa kofi.

"A bari kwana arba'in da tara na makoki su wuce," ya raɗa masa. "Kada mutane su yi magana. Fadamar taka ce."

Sumie na can ƙarshen tebur da tulun a gabanta, ba ta taɓa abincinta ba. Ta ɗago ta ce, "Kawu Shozo, mun gode. Ba don kai ba da na ɗago shi na ƙarasa shi a wurin."

Shozo ya ce ba komai. Ya dubi agogo, ƙarfe huɗu ta wuce, ba wanda ya tuna da tatsar yamma a garken marigayin. Ya ce su zauna, shi zai je.

Tun daga bakin titi yake jin kukan shanun. Ya tura ƙofar garken ya shiga da baƙar kwat ɗinsa, ƙafar wandon tana jan kashin shanu. Da jin ƙarar ƙofa duk suka yi tsit, su arba'in da biyu, suka juyo da kai. Ya kunna injin tatsa, ya ɗauki bokiti da tsumma. Shanun ba su dube shi ba, ƙofar da ke bayansa suke kallo, wadda Tokuji ya saba shigowa ta ita, nono na ɗiga daga hantsarsu a kan siminti.