Katangar Yaya Abdulmumin

Karo na huɗu ke nan Khaula tana kashe rauta, na'urar raba intanet ta gidan, tana kunnawa, amma layin da ke fuskar kwamfutarta bai wuce kashi tara cikin ɗari ba. Wani kamfani a Kano ne ya ba ta aikin gwaji: ta sauke sabuwar manhajarsu, ta gyara wani kuskure, ta mayar kafin la'asar. In ta makara, wani za a ɗauka. Wata takwas tana zaman gida a Gaya, kuma ta gaji da tambayar da dangi ke yi mata ta ina amfanin digirin.

Tun hantsi take zagin kamfanin waya, har ta fito da rautar tsakar gida ta ɗora a kan turmi. Abin haushi, saƙonni na shiga lafiya lau, babban kaya ne kawai ke rarrafe. Har ta yafa mayafi za ta nemi motar Kano, sai ta tuna wanda ya haɗa rautar.

Yayanta Abdulmumin, mai Islamiyyar da ke zauren gidan, yana kasuwar Ajingi sayen gyaɗa. Da ta kira shi ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya amsa cewa shi ya sa wa rautar katangar tsaro, saboda malamansa sun fi kallon bidiyo a kan sauraren hadda. Daga safe zuwa la'asar, duk wani abu mai nauyi a shaƙe yake.

"Yaya, yau fa Alhamis, babu karatu."

"To ai ita na'urar ba ta san Alhamis ba," in ji shi. Ya karanto mata lambar sirri.

Tana ɗage dokar, layin ya zabura. Cikin minti uku ya cika. Khaula ta zauna daɓas a kan tabarma tana hamdala. Gyaran bai ci mata awa biyu ba, ta tura ana kiran azahar, aka amsa mata cewa ya iso.

Da ta koma mayar da katangar, ta ga na'ura ɗaya tak aka keɓe daga dokar, an rubuta mata "Malam", wato wayar Yaya Abdulmumin kansa. Ita ce kuma ta fi kowa shan bidiyo a makon.

Ta cire kwamfutarta daga cikin katangar, ta saka wayar Malam a gurbinta, sannan ta tashi ɗora girki.