Laba Ɗari da Goma

"Ni buhun masara ne da za ku ɗora ni a sikeli?" in ji tsohon, yana buga sandarsa a ƙasa.

"Baba, ka ƙi asibiti, ka ƙi awo. To me kake so mu yi?" 'Yarsa ta juya wajen tela, maƙwabcinsu. "Kawu, don Allah ka yi masa magana."

Tela ya miƙe. Ya shiga shagon da tsohon ya shekara arba'in yana sayen tsofaffin ƙarafa, ya jawo katon sikelin nan mai tsatsa zuwa ƙofar ɗaki. Ƙafar tsohon ta kumbura kamar turmi. Likita ya ce ta waya jini ne ya daskare, za a yi masa allurar tsinka jini a gida, amma yawanta ya danganta da nauyinsa.

"Hau mana, sarkin gardama," in ji tela. "Mu ga ko za ka yi kuɗi."

"Kai da ko allurar kekenka ta fi ka nauyi?"

Ya hau yana ƙunƙuni. Tela ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya karanta: ɗari da goma. Haka ya faɗa, haka 'yar ta aika wa likita. Ma'aikacin da aka turo ya duba takarda, ya zuƙi magani a sirinji daidai da nauyin, yana yi masa allura safe da yamma.

Kwana na huɗu haɓo ya ɓalle wa tsohon. Aka toshe da auduga, ta jiƙe, aka sake. Da azahar ya nemi ruwa, ya sha kurɓi biyu, ya ce wa matarsa ta rufe taga. Kafin motar da za ta kai shi asibiti ta iso ya cika.

Tela na cikin waɗanda suka ɗaga shi. Ya tattaro ƙarfinsa, sai gawar ta taso masa sakayau, kamar tarin yadi.

Da aka dawo daga maƙabarta bai zauna cikin mutane ba. Ya zagaya bayan gida inda magina suka jibge siminti, ya kinkimo buhu ɗaya, mai kilo hamsin rubuce a jikinsa, ya kife shi a kan sikelin. Allurar sikelin ta yi rawa, ta tsaya a ɗari da goma.

Wani kafinta na unguwar ya leƙo. "Me kake aunawa? Ai wannan na laba ne, tun na zamanin da. Kilo ɗaya laba biyu ne da 'yan kai. Marigayin da ka yake lissafin mayar da shi kilo, bai taɓa kuskure ba." Ya wuce abinsa.

Tela ya tsuguna. A ƙasan gilashin, inda tsatsa ta ci, akwai wasu ƙananan haruffa biyu, alamar laba, da bai duba ba. Ninki biyun maganin aka yi wa tsohon, allura har sau bakwai. Ya ƙirga da yatsunsa, ya sake ƙirgawa.

Bai ji takunta ba. 'Yar marigayin tana tsaye da tiren kofuna, idanunta sun yi jawur. Ta dubi buhun, ta dubi rubutun jikinsa, ta dubi allurar.

"Kawu," ta ce a hankali, "buhun nan da Baba nauyinsu ɗaya ne?"