Kurkum a Kusurwa Huɗu

Gidajen sauron sun iso ƙauyen kafin damina, abin da ba a saba gani daga gwamnati ba. Phulmati, ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen, ta bi gida-gida tana rabawa. Mai ciki ce a kan gaba, don haka Dalimba ta riga kowa samu.

Sai dai wani mai ilimi a birni ya zaɓa musu farin launi. A nan kuwa gawa ake lulluɓewa da farin ƙyalle.

Tulasa, uwar mijin Dalimba, ta ɗaga gidan sauron da yatsa biyu. "Surukata ba za ta kwanta cikin wannan ba, da jikana a cikinta."

 Bara zazzaɓin sauro ya zubar wa Dalimba da cikin wata biyar. Tana tsoron sauro, tana tsoron Tulasa, kuma Tulasa ta fi kusa.

Washegari tsohuwar ta samo mafita. Ta ɗora tukunya, ta zuba kurkum, za ta dafa gidan sauron ya rine rawaya, ta shanya a rana. Dalimba ta tuna an ce zafi da rana suna kashe maganin sauron da ke jikinsa. Ta ɗauki tulu kamar za ta rijiya, ta zarce gidan Phulmati.

Phulmati ta shigo tana haki, ruwa ya fara tafasa.

"Gwaggo, miyar gidan sauro za mu sha yau?"

"Ke tafi can! Ni na yanke miki cibiya, za ki koya mini aiki?"

"Wace ni? Tambaya na zo yi. Sabon zanen da kika ɗaura ranar biki, dafa shi kika yi?"

"Haukacewa na yi? Kurkum na ɗiga a kusurwa, kamar yadda kowa ke yi wa sabon kaya."

"To wannan tsohon kaya ne?"

Tulasa ta dubi tukunya, ta dubi gidan sauron. Ta tsoma yatsa a garin kurkum, ta dangwala a kusurwa huɗu, tana motsa baki.

"Dama abin da na yi niyya ke nan. Ruwan na shinkafa ne."

Ranar kowa ya ci shinkafa rawaya.

An yi damina, sauro ya yi aikinsa a gidajen da aka ajiye nasu gidan sauron cikin akwati don baƙi. Dalimba ta haifi 'ya mace bayan girbi, lafiya lau. Tulasa ta bi ƙauye tana bayyana ƙarfin kurkum.

Dalimba ba ta musa ba. Ta ɗebi sabuwar shinkafa a ƙwarya, ta kai wa Phulmati, ta sunkuya ta taɓa ƙafarta don girmamawa.

"Yaya, ban san me zan ce ba."

"Kada ki ce komai," in ji Phulmati, tana karɓar jaririyar. "Gwaggo ta riga ta faɗa wa kowa."