Hayaƙi a Bakin Kwazazzabo

Hanyar nan da ta bi gefen kwazazzabo daga Madadi ta nufi Gammo, asalinta layin dogo ne ɗan siriri, na wani kamfanin fasa dutse da ya tashi tun tuni. Ƙarafan an kwashe, sai katakan da ke ƙarƙashinsu, baƙaƙe, sun sha mai. Kai, hanya ce mai kyau! Kana tafe, rafi na can ƙasa, kanya da marke na yi maka inuwa.

Duk shekara mutanen gari kan fito gayya. Su kafa katakan nan a jikin gangaren don su riƙe ƙasa, su dasa gamba a kai. Malam Badamasi, shugaban gayyar, dokarsa ɗaya ce: ba yanka, ba wuta.

To, wani makiyayi Sajo, shanunsa sun rame da bazara, har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Shi kuwa ya tashi ya ga ubansa na ƙone busasshiyar ciyawa don sabuwa ta tsiro. Da rana tsaka, ba kowa, ya ƙyasta ashana. Wuta ta ci gambar gangaren bal-bal ta lafa, aka ce ko mai taba ne ya yar da guntu. Tsiron kuwa ya fito, kore shar.

Amma wutar ba ta mutu ba. Ta kama katakan ta bi su cikin ƙasa.

Matarsa Asta, mai kai nono Gammo ta hanyar, ita ta fara lura.

"Malam, ƙasar wajen marken nan zafi gare ta. Har hayaƙi na gani yana fita ta rami."

"Ke dai da gane-gane. Rana ce."

"Rana ce ke warin kwalta? To, ni zan gaya wa Baba Badamasi."

"Ki bari, zan duba."

Ya duba ɗin. Ya tura ƙasa da ƙafa ya toshe ramin, washegari hayaƙin ya ɓullo ta gaba. In ya faɗa, an san shi ne, kuma shanunsa sun bar gefen rafin ke nan. Ya koma wajen kiwonsa.

Ran kasuwa Asta ta tafi da sauran mata. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Sajo na kiwo ya ji rafin ya canza murya. An yi ruwa a can saman rafin, ga shi ya taho ja wur, yana cin gindin gangaren da babu abin da ke riƙe da shi yanzu sai gawayi.

Ya bar shanun ya ruga. A wajen marken ya tarar da tsaga a tsakiyar hanya, siririya kamar zare, tana huci. Can gaba ga matan sun taho a jere da ƙore a ka, suna sauri kada ruwa ya same su, Asta a gaba.

"Ku tsaya! Kada ku taka nan!"

"Mu tsaya ruwa ya dake mu?" in ji Asta, ba ta ko rage sauri ba. "Matsa mana, Malam."

"Asta, don Allah! Katakan sun cinye. Ni na sa wutar!"

Sai ta tsaya. Na bayanta ma suka tsaya, suna kallonsa. Ɗigon farko ya sauka a kan tsagar ya yi cuu. Tsakaninsa da ita, ƙasar ta fara sulalewa a hankali, ba ko ƙara, ta tafi da marken a tsaye.