Kujerar Bayan Motar Injiniya

Injiniya ba injiniya ba ne. A ofishin inshora yake aiki, sunan kuma matarsa Malama ce ta laƙa masa, tun ranar da ya kwance fankar ɗaki zai gyara, ya mayar da ita da ragowar kusoshi uku a hannu. Da ya sayi motar lantarki kuwa, sai ciwon ya tashi gaba ɗaya.

Motar nan lafiyarta ƙalau. Ba ƙara, ba hayaƙi, a jona ta da caji a tsakar gida ta kai mutum inda za shi. Amma Injiniya ya ce tana rangaji a kwana, wai nauyin batir ke rinjayarta. Sati biyu yana kallon bidiyo a waya abincinsa na hucewa, sannan ya kai ta gareji. Aka cire sifirin da shokozoba na asali masu shanye girgizar hanya, aka sa masu tauri, aka sauke motar ƙasa da yatsa biyu. Tsofaffin ya dawo da su a buhu, ya ce Malama ta ba masu sayen ƙarfe.

"Kin ji yadda ta kama ƙasa a kwanar nan?" ya tambaye ta ranar da suka fara fita.

"Na ji. Haƙorana ma sun ji."

Da a kan haƙora abin ya tsaya, da Malama ta haƙura. Amma akwai Inna, mahaifiyar Injiniya, da ke zaune tare da su. Duk Asabar ɗanta ke kai ta asibiti gashin baya, likita kuma ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ta riƙa tsallakewa, ƙafar hagu za ta sandare, tafiya ta gagare ta. A kujerar baya take zama kullum don ta miƙe ƙafar.

Asabar ta farko bayan gyaran, Inna ta dawo ta wuce gado ko ruwa ba ta sha ba. Ta biyu ta tafi da filo ɗaya, ta uku da biyu. Ta huɗu ta ce ta ji sauƙi. Ta biyar ta ce tana jiran baƙi, baƙin da ko ƙeyarsu ba a gani ba. Ranar Malama ta tarar da ita tana dafa bango za ta banɗaki, tana jan ƙafar a ƙasa.

"Inna, motar ce ko?"

Tsohuwar ta waiga ta tabbata ba kowa. "Kada ki faɗa masa, 'yata. Ba ki ga murnarsa ba? Tun yana yaro bai taɓa samun abu sabo nasa na kansa ba, sai kwancen yayyensa."

Takaici ya ishi Malama, ta rasa wa za ta fara jijjigawa, uwar ko ɗan. Ta dai faɗa masa. Ya jawo waya ya shiga yi mata karatun nauyi da daidaito, ya ce shi da bakanike sun gwada motar, kuma shi da ke tuƙa ta kullum bai ji komai ba. Don ya kashe magana ya leƙa ɗakin Inna ya tambaye ta.

"Mota kam sai godiya," in ji Inna daga kan gado.

Ya juyo ya dubi Malama kamar wanda ya ci shari'a. Ita da ke fama da yara arba'in a aji, ba ta taɓa gamuwa da ɗalibi mai taurin kai irin wannan ba. Amma ta san jiki magayi.

Asabar ta gaba ta riga shi ɗaukar makulli. Ta ce ya raka ta kantin magani na kusa da asibiti, a sayo wa Inna man shafawa.

"To kawo makullin."

"Yau ni zan tuƙa. Ba ka ce in ji yadda take kama ƙasa ba?"

Kujerar gaba kuwa ta riga ta cika ta da littattafan ɗalibai har sama. Yana gunaguni ya shiga baya, daidai wurin Inna. Tun da aka sayi motar bai taɓa zama nan ba.

Malama ba ta yi mugunta ba, gudun da ya saba yi shi ta yi. A tudun rage gudu na farko kansa ya gaisa da rufin mota. A na biyu ya cije harshe. Da suka kai inda kwalta ta farfashe, ya ce ta bi a hankali.

"Haka kake bi. Na ma rage."

Ya kai hannu zai kama mariƙin da ke saman ƙofa, sai ya ji ƙyalle. Ɗankwalin Inna ne, an ɗaure shi a mariƙin da ƙulli biyu, yana reto. Hannunta ba ya kaiwa can sama, shi ne ta yi wa kanta abin riƙewa. Ƙarshensa duk ya yamutse don damƙa.

Suka sayi maganin suka dawo. A ƙofar gida Injiniya ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Masu ƙarfen nan... sun zo kuwa?"

"Buhunka na bayan injin wanki. Shekara sha ɗaya muna tare, na san abin da ake zubarwa a gidan nan."

Da ya koma gareji da motar da buhun, bakanike ya yi dariya har da riƙe ciki, ya mayar da komai yadda yake a da. Da suka mayar da Inna asibiti kuma, likita ya yi faɗa sosai, ya ce ƙafar ta ja baya, sai an haɗa da sanda na wasu watanni.

A hanyar dawowa Malama na gaba, Inna na baya da sabuwar sandarta. Motar ta yi rangajinta a kwana, Injiniya ya ƙyale ta. Kafin tudu na biyu tsohuwar ta yi barci, ɗankwalin na reto a saman kanta ba mai riƙe shi. Sai a ƙofar gida ta farka, ta shafa kujerar.

"Ka ga gyaran nan naka, sai yanzu ya zauna. Allah ya yi maka albarka."

Injiniya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kasa cewa amin.